Littafin Awo

Shekara ashirin da uku ina ɗinki a Tudun Wada,
littafin awona ya fi ni sanin mazan Zariya.
Kafaɗa ba ta ƙaruwa, hannu yana nan inda yake,
ƙugu ne kaɗai ke hawa
kamar kuɗin buhun masara a tsakiyar damina.

Alhaji Barau: talatin da huɗu, shekarar da ya buɗe kanti.
Talatin da takwas. Arba'in da biyu.
"Tukur, ƙara yadi," in ji shi, "daɗi ne ya sami wurin zama."
Bara aka cire masa yatsu biyu a Shika.
Bana ɗansa ne ya shigo da rigunan a leda,
wai a rage masa su.

Ban yi wa kowa wa'azi ba. Da wane bakin?
Safiyata shayin Ilu ce, sukari cokali biyar,
madara mai kauri, fanke uku suna naso a takarda.
Azahar lemon kwalba, wai don zafi.
Dare a teburin Gambo:
"Sa kitse, ban zo tauna igiya ba!"
Tun da na sa wa keken lantarki
ko ƙafar da ke takawa ta yi ritaya.

Ƙishi ne ya fara yin sallama.
Sai fitsarin dare, sau huɗu, sau biyar.
Sai gyangyaɗi a kan wuyan riga.
Lantana ta dirje bayan wuyana da soso,
baƙin ya ƙi fita, ta ce wannan ba dauɗa ba ce.
Allura ta soke ni a ɗan yatsa,
abin da a da nake tsotsewa in wuce,
sati uku yana ruwa.

Likitar sa'ar 'yata ce, Asabe, 'yar Wusasa.
Ta juya takardar gwajin ta zana mini a bayanta.
"Baba, sukari baƙo ne a bakin zaure,
insulin ke yi masa sallama.
In baƙi suka yi yawa, safe, rana, dare,
masu gida sai su toshe kunne.
Baƙo ya rasa masauki, ya yi ta gararamba a jini
yana kankare bangon hanya.
Hanta ta kwashe rarar, ta mai da ita kitse,
ta yi ta cusawa a rumbun da ya riga ya cika.
Shi kuma kitsen ciki ba ya zama shiru,
kururuwa yake yi,
dakarun jini su fito da gora,
su rasa ɓarawo, su far wa 'yan gida."
Na ce, "To ai ban ji zafi ba."
Ta ce, "Wutar ƙaiƙayi ce.
Ba harshe, ba hayaƙi, ta ƙasa take ci."

Yanzu bayan Asuba nakan taka zuwa Ƙofar Doka in dawo,
gwiwa tana mita, ina ba ta haƙuri.
Lantana ta koma kwaɗon zogale da faten wake.
Ilu yana miƙo shayi ba sukari
kamar mai miƙa ta'aziyya.
Ba zan yi ƙarya ba, ran Juma'a ƙamshin Gambo ya kayar da ni,
tsinke biyu, na ci a tsaye, ina waiwaye.

A shafin ƙarshe na buɗe wa kaina layi.
Arba'in da uku. Arba'in da biyu da rabi.
Rabin inci, wata huɗu.

Ɗazu Malam Sambo ya ɗaga hannuwa, na zagaya shi da tef,
ya yi dariya, ya ce a ƙara yadi.
Na riƙe lambar da farce,
na daɗe ban rubuta ba.