Yatsu Huɗu

A Valparaíso, a wani gidan kwano mai hawa uku
da ya maƙale a gefen tudu kamar kaska a kunnen kare,
muka kwana goma sha ɗaya muna ƙera tsoro.
Ni ne mai murza idon kyamara.
Eulalia Carvajal ce mai kyamarar,
tsohuwa mai tari, mai guntun alli a aljihu,
ba ta ɗaga murya sai in shayi ya huce.

Daren farko ta ce, "Nibaldo,
dodon da aka gani ya zama ɗan wasa mai fenti a fuska.
Ƙofa kawai nake so. A buɗe ta faɗin yatsu huɗu.
Mai kallo zai cika sauran
da abin da ya taho da shi daga gida."

Ta ajiye Rayén can hagu, a bakin hoto,
ta ba mu baya, tana wanke kofi.
Dama kuwa fayau: bango, duhu, matakala.
Na ce, "Filin nan ya yi yawa, babu kowa a ciki."
Ta ce, "Tukuna."

Muka shimfiɗa dogo a kan katako mai ƙara.
Efraín na tura keken kyamara,
tafiyar hawainiya, taku ɗaya cikin numfashi bakwai,
har ɗakin ya tsuke ba wanda ya ga lokacin da ya tsuke.
"In suka lura muna matsowa, mun yi asara.
Su dai ji iska na ƙarewa."

Aikina zobe ɗaya ne da yatsu biyu.
In fito da fuskar Rayén tas,
in sake ta ta dushe,
in kamo mariƙin ƙofar da ke bayanta.
Tsakanin fuska da mariƙi, daƙiƙa ɗaya da rabi.
Na yi sauri, ta ce na tona asiri.
Na yi jinkiri, ta ce na yi ƙarya.
Sau goma sha tara.

Wani dare ta sauke kyamara daidai idon kyanwa,
tebur ya koma rumfa, ƙafar kujera ta koma gungume.
Wani dare ta saɓa ta a kafaɗa, ta laɓe bayan labule
tana numfashi da gangan, hoto na hawa yana sauka,
don a san akwai mai leƙe,
kuma mai leƙen yana da huhu.

Daren ƙarshe, ƙarfe uku ta gota,
muna tsakiyar doguwar ɗauka
sai kofuna suka fara kaɗa haƙora a kan kanta.
Karnukan tudu suka ɗauka gaba ɗaya.
Ƙasa ta motsa, yadda ta saba a garin nan.
Keke ya zame daga alamar alli,
ɗakin ya karkace a cikin gilashi,
ƙofar nan ta ƙara buɗewa, ba wanda ya taɓa ta.
Rayén ba ta juyo ba. Ruwa na zuba a hannunta.
Eulalia ta damƙe min gwiwar hannu, ta raɗa:
"Ba a yanke ba. Kamo mariƙin."
Na kamo.
Daƙiƙa ɗaya da rabi.

Gari na wayewa muka sauko matakala ɗari da sittin
zuwa bakin teku, inda jiragen ruwa ke kuka.
Ta sayi burodi mai zafi, ta gutsura min.
"Shekara arba'in ina karkata kyamara da hannuna,
ban taɓa samun karkata irin ta yau ba."
Sai tari ya ƙwace sauran maganar.

Yanzu in na zauna cin abinci a ɗakina
sai in tarar na zauna can hagu,
na bar dama fayau.
Nakan tashi in rufe ƙofa ruf.
Wani lokacin kuma in bar ta yatsu huɗu,
in ba ta baya,
in jira.