Maɓalli Ɗaya

A watan Yuli na sauka Kumamoto
da ɗan akwati, bai cika tafin hannu ba.
Baba ya dube shi, ya dube ni,
ya ce, "Chizuru, wannan kuma me yake ci?"
Na ce wuta kaɗan. Aikinsa kai saƙo.

Na ɗauko tsohon rimot ɗin fanka,
wanda babban yatsan Inna ya cinye rubutunsa,
na haɗa bakinsa da bakin akwatin
kamar mai ɗura wa ɗan tsako ruwa.
Na danna. Ido bai ga komai ba.
Sai da na leƙa ta kyamarar waya
na ga ɗigon haske yana ƙifce-ƙifce,
sau dubu talatin da takwas a daƙiƙa, in ji takardar.
Akwatin ya haddace. Biyawa ɗaya ta ishe shi.

Na koma Sapporo da sanyin zuciya.
Kullum rana ta take tsaka
sai in duba zafin ɗakinsa, talatin da huɗu,
in danna daga kujerar ofis.
Saƙon ya ratsa tsibiri, ya ƙetare ruwa,
ya hau saman kabad,
ya tsallaka taku biyar na tabarma.
Waya ta ce: an aika.

An aika kawai.
Ba ta taɓa cewa an karɓa ba.
Hasken nan ɗan aike ne mai tafiya ba waiwaye,
ya faɗi tasa a bakin ƙofa, ya ɓace.

Kwana tara ina yabon kaina.
Ran na goma Baba ya kira,
gyare na ta tsaga kunne a bayansa.
"Fankar nan ta samu taɓin hankali.
In kunna ta da hantsi,
rana na yin tsaka sai ta mutu."

Na yi shiru.
Maɓalli ɗaya ne, ashe.
Kalmar da ke cewa tashi
ita ce ke cewa kwanta.
Kwana tara ina kashe masa iska
daga nesa, da hannun ƙauna.

Bai yi faɗa ba.
Ya ce ai ya riga ya yi maganin abin:
ya jingina hoton Inna a gaban akwatin,
"don ya daina zura mini ido."
Haske ba ya ratsa katako.
Ko a yanzu ita ke tare masa.

Mijina Noboru ya ce a sayi wata na'ura
mai lura da juyin fanka, ta kawo rahoto.
Har na sa ta a kwandon saye.
Tana nan, ban biya ba.

Yanzu da tsakar rana lambarsa nake dannawa.
"Baba, tana juyawa?"
Ba ya amsa wannan.
Sai labarin tumatirin maƙwabciya,
da gwiwarsa ta hagu, da tsadar kifi,
ni kuwa na manna waya a kunne
ina laluben, can ƙarƙashin muryarsa,
fir-fir ɗin fukafukai uku.