Katin da Ke Aljihuna

A filin wata makaranta, can gefen Toledo,
ciyawa sharkaf da raɓar Oktoba,
yara goma sha ɗaya, 'yan shekara tara-tara,
kowa da ɗamara, ƙyalle biyu na reto a kwankwaso.
Wasanmu babu kokawa, ba a kayar da kowa:
ka fizge ƙyallen mai gudu da ƙwallo, sai ya tsaya.
Biyar ke shiga fili. Shida na kan benci
suna kallon hannuna kamar mai rabon nama.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare nake yi.
Na zama koci don ranar taron iyaye
kowa ya sunkuyar da kai, ni na yi tari.
Tun ran nan akwai kati a aljihuna,
sunaye a jere, gumi ya tausasa shi.
Duk wanda ya shiga, in ja masa layi ɗaya,
don kada wani yaro ya koma gida
da riga fes, ba ɗigon laka.

Wendell Pruitt ne mataimakina, mai gyaran famfo,
muryarsa har wurin ajiye motoci ake jin ta.
Ya fi ni sanin wasan, ban taɓa musu ba.
Yakan ce katina takardar asibiti ce,
wai ina raba fili kamar ƙwayar magani,
biyu da safe, biyu da yamma.

Asabar ta ƙarshe. Muna gaba da maki huɗu,
saura minti biyu, ƙwallo na hannun su.
Kati ya ce Anselm.
Anselm da igiyar takalminsa ba ta zama a ɗaure,
wanda dinya in ta gifta a sama
yakan manta akwai ƙasa.
Wendell ya matso, ya rage murya, karon farko a shekara:
"Ba yanzu ba, Lorna. Bar Tobias a ciki."
Tobias ɗansa ne, kuma iska ce yaron.
Na so mu ci wasan nan. Kada in yi ƙarya,
har cikin haƙorana na so shi.
Na ce, "Anselm, shiga."

Mai ƙwallo ya taho ta gefensa.
Anselm ya miƙa hannu, ya runtse ido, ya fizga,
ya ɗaga ƙyalle sama yana tsalle.
Ja ne. Namu ne.
Daga ƙugun Marisol ya ciro shi,
mai ƙwallo tuni ya tsallake layi.

Wendell ya tattara kaya bai ce uffan ba.
Sai da ya rufe bayan mota ya ce,
"Ki ƙirga na Tobias."

Na ƙirga, ƙarfe ukun dare, a ɗakin hutun asibiti,
shayi na hucewa a kofin takarda.
Kowa ashirin da shida, ashirin da bakwai.
Tobias ashirin da ɗaya.
Sau biyar na zaunar da yaron
don kada a ce na ji tsoron ubansa.
Laifi tudu ne. Nawa na taka
mako bakwai ina hango na Wendell.

Na rubuta saƙo, na goge, na sake rubutawa.
Kafin in tura, nasa ya shigo,
shi ma ashe idonsa biyu:
"Yaron nan rufe ido yake in zai fizga.
Kawo shi Talata, zan zo da ɗamara."

Wasa ya ƙare, babu atisaye ran Talata.
Ban tuna masa ba.
Na ce to, kuma ya zo da Tobias.