Tudun da ke Bayan Kyamara

Ƙarfe ɗaya na rana a Fagge,
kwalta na tafasa, inuwa ta ɓuya ƙarƙashin ƙafa.
Tela Mamuda ya rataye riga a ƙofar shago,
farar shadda, aiki fari a kan fari,
wata uku yana bin ta da allura
har idonsa na dama ya fara ƙorafi.
"Ɗaukar mini, Hansatu. Mai ita yana Jidda,
sai ya gani a waya zai turo ciko."

Na ɗaga, na danna.
Allo ya ce ta yi.
Amma allo a tsakar rana dillali ne,
kowa ya tambaye shi, kaya sun yi kyau.

Sai na tuna Baba Ilu mai hoto na Gwammaja,
wanda ya koya mini riƙe kyamara
kafin ya koya mini karɓar kuɗi:
"Kada ki tambayi ido, ido yana da kara.
Ki tambayi tudun."

Histogiram, in ji takardar cikin kwali.
Shi tudu yake ce masa,
Dala ce aka ƙanƙance ta zauna a tafin hannu.
Hagu duhu, dama haske,
tsakiya kuwa mu ne:
launin fata, launin jar katanga, ƙurar takalmi.

Na latsa, ya fito.
Ashe duk ya kwashe ya yi dama
kamar fasinja in adaidaita ta sha kwana,
ya haɗu da bango, bango ya sare masa kai.
Abin da ya haye bangon nan ba ya dawowa.
Aska takwas, tambari, ɗan zaren wuya,
duk sun narke sun zama nono.
Wata ukun Mamuda, farar takarda.

Na juya ɗan wili, na tsuke ƙofar haske.
Tudu ya saki bango, ya ja da baya,
sai hagu ya kumbura.
Cikin shago ya zama rijiya,
keken ɗinki ya nutse,
Sagiru mai guga ya nutse, haƙoransa kaɗai suka tsira.
Taura biyu ba ta taunuwa.

"Mu kai ta inuwa," na ce.
Muka ɗauke ta kamar mara lafiya
zuwa rumfar mai shayi da bai fito ba tukuna.
Nan rana ba ta ihu, magana take.
Na danna.
Tudu ya miƙe ƙafa, ya shimfiɗa tabarma,
bai taɓa bangon hagu ba,
ya bar ɗan taku tsakaninsa da na dama.

Mamuda ya sa tabarau, ya ce in matso da shi.
Na matso. Kowane zare ya tsaya da inuwarsa.
Ya yi shiru.
Ya ɗora farce a gefen aljihu:
"Ga inda na karkace, daren da aka ɗauke wuta.
Na ɗauka ni kaɗai na sani."

"Ina da na farkon," na ce,
"a can babu abin da ya fito."

Ya daɗe yana kallon titi.
Wani mai kura ya wuce, ruwa na ɗiga a bayansa.
"A'a," ya ce. "Tura masa wannan.
Sagiru, miƙo mini reza."