Sunan Bakwaini

Daren jajiberin suna, a Ƙofar Marusa,
mun baje tabarma, shayi ya huce.
Kawu Isuhu ya ce: Haidar, zaki ke nan da Larabci,
ko Abbas, mai murtuke fuska ga maza.
Baffa ya ce: ko ma wanne, a yi masa laƙabi da Barde,
ga garkuwar kakanmu can rataye a zaure,
duk da gizo-gizo ya gaje ta.

Ni ban tanka ba.
Kwana shida ke nan yana kwalba a asibiti,
ƙirjinsa bai kai tafin hannuna ba,
yana hawa yana sauka kamar zugazugin maƙeri.
Jiya na miƙa masa ɗan yatsa,
ya damƙe, ya ƙi saki.

Da safe liman ya raɗa Haidar, aka raba goro.
Gwaggo Tasalla, muciya a hannu,
ta ce: ku riƙe zakinku,
ni Gagarau zan ce masa.
Likita ya ba shi kwana biyu,
ga shi yau ana yanka masa rago.