Tagar Magani

Tagar da nake zama ba ta fi faifai biyu ba.
Hannuwa ne ke shigo mini,
fuska kuwa sai na sunkuya.
Bajoga, ranar kasuwa,
layi ya kai gindin darbejiya,
fanka ta tsaya tun hantsi,
birona yana jan numfashin ƙarshe.

Hannun Bappa Manu ya shigo da takardar likita,
hannun da siminti ya ci shekara talatin.
Na ƙirga masa ƙwaya iri biyu,
duka farare, duka ƙanana,
tagwayen da sai uwarsu ke rarrabewa.
Ɗaya ta sukari, sau ɗaya, bayan karin kumallo.
Ɗaya ta hawan jini, safe da dare.
Na ja kara ɗaya a wannan leda, biyu a waccan,
na faɗa masa da bakina
idona yana kan hannu na gaba.

Ya ce, "To."
Ashe irin "to" ɗin dattijo ne
mai kunyar tsayar da jama'a.

Ledojin suka shiga aljihun gaba,
suka hau acaɓa, suka sha gumi,
tawada ta narke,
kara ɗaya ta yi ƙiba ta zama biyu,
biyun suka rungumi juna.

Kwana huɗu.
Keke Napep ya tsaya a ƙofar asibiti da kuka a ciki.
Jikinsa sanyi ƙalau, rigarsa sharkaf,
yana kiran sunan matarsa da ta rasu bara.
Sista Rifkatu ta nemi jijiya, ta ɗaura ruwa.
Ɗigo. Ɗigo.
Ni ina tsaye, ina ƙirga su kamar ƙwaya,
har ya buɗe ido ya tambayi hularsa.

Da la'asar 'yarsa Dudu ta zo taga.
Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.
Ta ajiye ledojin nan biyu, ta ce,
"Malama, ni ban yi nisa a boko ba.
Ke da kika rubuta, karanta mini."

Na juya su. Na kai su haske.
Na sa tabarau, na cire.
Rubutuna ne, na san karkatar hannuna,
amma ya ƙi gaishe ni.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.

Yanzu ina da alƙalami mai kauri, wanda ruwa ba ya ci,
da kuɗina na saya a Gombe.
Ina zana rana tana leƙowa, da kofin koko a gefenta.
Ina zana wata.
Mai karanta ajami, in yi masa da ajami,
ko da wawun nawa gurgu ne.
Ledar sukari ina ɗaura mata jan zare.
Sannan in sunkuya, in nemi fuskar,
in ce, "Baba, maimaita mini. Wanne ne na dare?"
In ya yi shiru, mu sake daga farko.

Layi yana gunaguni.
Wani mai babbar riga ya ce ina ɓata masa rana.
Na ce, Alhaji, yi haƙuri,
na taɓa yin sauri a nan, na ga abin da ya haifa.

Bappa Manu yana zuwa duk ƙarshen wata.
Ba ya cewa "to" yanzu.
Yakan ɗaga ledar sama, ya kanne ido ɗaya,
ya ce watan da na zana ya fi kama da ayaba.
Sai ya nuna mai jan zaren da yatsa:
"Wannan da safe. Bayan koko. Sau ɗaya."

Sau ɗaya, Bappa.
Hannu na gaba ya jira.