Shin Bayanin Ya Isa?

Ƙarfe uku na dare a Aboabo.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
fanka ta tsaya cak, hannuwanta uku a buɗe.
Daga ni sai fitilar waya
da littafi mai kaurin bulo
da na saya rabin kuɗi a hannun Akosuwa.
Gefen kowane shafi sawun fensirinta ne:
nan ta gane, nan ta yi zagi,
nan ta gaji ta zana kifi.

Jiragen ƙasa biyu sun baro garuruwan da ban sani ba,
ɗaya na sheƙa gudu, ɗaya na jan ƙafa.
Wai in faɗi inda za su haɗu
kafin minti biyu su cika,
ni da ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba.

Da rana ina bayan gilashi a Adum,
ina ƙirga kuɗin mutane har babban yatsana ya yi baƙi.
Shekara shida.
Ko ido rufe na san sabon sidi da tsoho.
Manaja ya ce, Mardiya, kina da kai,
amma kai ba ya hawa bene sai da takarda.

Akwai wata tambaya da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya.
Ba amsa suke so ba.
Za su ajiye maka zance biyu, su ja da baya:
na farko ya isa shi kaɗai?
Na biyu fa? Ko sai an gama su?
Ko duka biyun ba su kai ba?

Mma ta fito da butarta, tana dafa bango saboda gwiwa.
Shekara talatin tana sayar da albasa,
ba ta taɓa riƙe biro ba sai don sosa kunne.
Ta ce, karanta mini abin da ya hana ki barci.
Na karanta, ina juya mata shi da Hausa:
wani ya sari buhu ɗari,
ya ɗora kashi ashirin a kan kowane buhu.
An san ribarsa?

Ta ce, da damina ne ko da rani?
Buhu nawa suka ruɓe kafin mota ta wuce Tamale?
'Yan dako fa, Allah ne zai biya su?
Wa ya ɗauka bashi ya koma Techiman?
Na ce, littafin bai faɗa ba.
Ta ce, to bai isa ba.
Na leƙa bayan littafin. Ya ce ya isa.
Ta yi dariya har ruwa ya zuba daga buta:
wanda ya rubuta wannan
bai taɓa kwana da warin albasa ba.
Ki ba shi amsar da yake so,
amma kada ki yarda da shi.

Kuɗin zama jarrabawar da dala ake biya.
Ban tambaye ta ba,
kwasar adashinta kawai na gani a ƙarƙashin filona,
an ɗaure da ƙyallen atamfa,
takardun duk sun yi laushi, suna warin kasuwa.

Saura kwana sha tara.
Motar asuba zuwa Akkara,
ɗaki mai sanyin da Akosuwa ta ce in sa riga biyu,
ba waya, ba agogo, ba mai ce maka sannu.
In na ci, makarantar tana bayan teku.

Ga tawa tambayar, wadda ba ta cikin littafi.
Zance na farko: ina son tafiya.
Zance na biyu: gwiwar Mma,
da matakala goma sha ɗaya zuwa rumfarta.
Na gwada na farko shi kaɗai.
Na gwada na biyu.
Na gama su, na raba su,
babu shafin baya da zan leƙa.

Fanka ta yi ƙara, ta fara juyi.
Wani yaro a layinmu ya yi ihun wuta ta dawo.
Ladan na gyara murya.
Mma ta shimfiɗa darduma, ta ce ba tare da ta waiwayo ba,
jiragen nan naki, sun haɗu?

Na ce, tukuna.
Na saita minti biyu.